Shari'a Mace Ce Da Ciki: Tsokaci A Kan Rayuwar Wani Lauyan Ƙauye

Duk wanda ya taɓa zama a bencin baya na kotun majistare, ko da sau ɗaya ne, ya san inda idon jama'a yake komawa. Alƙali ake kallo, domin shi ne a bisa, shi ake miƙe wa idan ya shigo. In ba shi ba, sai wanda ake tuhuma, a ga ko zai fashe da kuka ko zai daure. Ba kasafai ake kula da mutumin nan mai fayil a hannu ba, wanda kan tashi ya karanta tuhuma cikin muryar da ba ta hawa ba ta sauka, ya nemi a ɗage zama, ya koma ya zauna. Alhali kuwa tun kafin alƙali ya san da maganar, wannan mutum ya riga ya yanke wani hukunci shi kaɗai a ofishinsa, wato hukuncin cewa wane za a kawo, wane kuma za a ƙyale.

A wannan fitowa muna son mu tsaya a kan wannan mutum, mai gabatar da ƙara, mu tambayi kanmu abin da ke hana shi zalunci. Doka ce, ko kunyar idon jama'a, ko kuwa halin kirkin da ya taso da shi? Don kada maganar ta zama ta fatar baki, mun zaɓi mu bi ta cikin rayuwar mutum guda, wani Ba'amurke mai suna Robert H. Jackson, wanda ya fara aikin lauya a ƙaramin gari, ya kuma ƙare da gurfanar da manyan 'yan Nazi na Jamus a gaban kotun Nuremberg. Mun zaɓe shi ne saboda ya yi tunani a kan wannan tambaya fiye da yawancin abokan aikinsa, ya ba da amsa, sannan rayuwarsa ta zo ta gwada amsar tasa.

An haifi Jackson ranar 13 ga Fabrairu, 1892, a Spring Creek cikin jihar Pennsylvania, ya kuma tashi a Frewsburg, wani ƙauye a yammacin jihar Niyu Yok, inda mahaifinsa yake riƙe da masaukin baƙi da bargar dawakin haya. Bai yi jami'a ba. Da ya gama sakandare a ƙauyensu a 1909, sai ya ƙara shekara guda a makarantar Jamestown, garin da ke kusa da su, a nan ya faɗa hannun wata malamar Turanci mai suna Mary Willard, wadda ta cusa masa son karatu da gyaran zance. Masu sha'awar rubutu su lura da wannan, domin har yau ana lissafa shi cikin alƙalan da suka fi iya alƙalami a tarihin Kotun Ƙolin Amurka. Daga makaranta ya shiga ofishin wani lauya ɗan'uwansu, Frank Mott, yana koyon aikin da ido da hannu, kamar yadda yaro kan zauna a gaban maƙeri. Shekara ɗaya tak ya yi a makarantar koyon aikin lauya ta Albany. A 1913, yana ɗan shekara 21, aka ba shi izinin tsayawa a kotu.

Jamestown garin masu ƙera kujeru da gadaje da kabad ne, mutanensa kuwa ba su taɓa kai 50,000 ba. A nan Jackson ya yi kusan shekara ashirin yana aiki. Ya tsaya wa talaka, ya tsaya wa banki da kamfani, ya tsaya wa ƙungiyar ma'aikata. Bayan ya zama babba, a 1950, ya rubuta wata gajeruwar maƙala yana yabon irin wannan lauya na ƙaramin gari, wanda a ganinsa ya soma ɓacewa. Ya siffanta shi da mutumin da ba ya zaɓen wanda zai tsaya wa, ba ya korar mai gaskiya don ba shi da abin biya, in ya karɓi magana kuwa ba ya saki har sai ya ga abin da ya ture wa buzu naɗi. In an kayar da shi, sai ya bi wanda ya tsaya wa su zauna su yi ta yi wa alƙali tofin Allah-tsine, shi ke nan an rufe fayil. Ya ce irin wannan lauya yakan yi aiki tuƙuru, ya ci mai kyau, ya mutu ba shi da komai.

Akwai gaskiya a cikin wannan yabo, kuma mu da muka san zaman ƙaramin gari ba ma buƙatar a fassara mana ita. A inda kowa ya san kowa, wanda ka tozarta a kotu da safe shi za ka tarar a wurin jana'iza da yamma. Matarsa tana sayen kayan miya inda taka take saye. In ka yi wa shaida ƙarya, ba sai an kai ka gaban wata hukuma ba, gari ne zai daina gaishe ka yadda ya saba. Lauya a irin wannan wuri jarinsa ɗaya ne, wato maganarsa, in ya kashe ta sau ɗaya ba ya sake samunta. Wannan kunya birki ce ta gaske, ta kuma fi dokoki da yawa ƙarfi.

To amma fa kunya wanda aka sani take karewa. Baƙo fa? A 1931, a lokacin da Jackson yake cikin jin daɗin aikinsa a Jamestown, aka sauke wasu samari baƙaƙen fata su tara daga jirgin ƙasan ɗaukar kaya a jihar Alabama, aka zarge su da yi wa wasu mata biyu farar fata fyaɗe. A ƙaramin garin Scottsboro aka yi shari'ar, inda alƙali da mai gabatar da ƙara da masu taya alƙali yanke hukunci duk sun san juna. Cikin 'yan kwanaki aka yanke wa takwas daga cikinsu hukuncin kisa. A 1933 ɗaya daga cikin matan ta fito ta ce ƙarya suka yi. A can, idon jama'a shi ne ya ingiza mai gabatar da ƙara, domin da ya ce hujja ba ta isa ba, da shi gari zai juya wa baya. Ke nan kunyar da ke hana mutum zaluntar maƙwabcinsa ita ce dai kan hana shi yi wa baƙo adalci. Duk wanda ya ce ƙaramin gari makarantar adalci ce, rabin labari ya faɗa.

A 1934 Jackson ya bar Jamestown ya koma Washinton, a gwamnatin Franklin Roosevelt, wanda suka daɗe da sanin juna a siyasar jiharsu. Hawansa ya yi sauri ƙwarai. Ya fara da babban lauyan hukumar tara haraji, a 1938 ya zama lauyan da ke tsaya wa gwamnatin tarayya a gaban Kotun Ƙoli, a 1940 ya zama Antoni-Janar, a 1941 kuma alƙali a Kotun Ƙolin kanta. Babu wanda ya taɓa haɗa waɗannan muƙamai uku na ƙarshe in ba shi ba, kuma shi ne na ƙarshe da aka naɗa a wannan kotu ba tare da digirin lauya ba.

Ranar 1 ga Afrilu, 1940, yana sabon Antoni-Janar, ya tara masu gabatar da ƙara na tarayya daga ko'ina cikin ƙasar ya yi musu jawabi. Gajere ne, amma har yanzu ana karantar da shi. Ya ce musu babu wani mutum a Amurka da ya kai mai gabatar da ƙara iko a kan rayuwar ɗan'adam da 'yancinsa da mutuncinsa. Ba sai ya kai mutum kotu ba ma. Ya isa ya sa a bincike shi, a je a yi wa abokansa tambayoyi, a bar magana ta fita a bakin duniya. Sa'an nan ya kawo misali mai sauƙi: da 'yan sanda za su bi dokar hanya sau da ƙafa, da rabin direbobi sun kwana a ofishinsu. Tunda ba za a iya kama kowa ba, dole a zaɓa. A nan kuwa haɗarin yake, in ji shi, domin littattafan doka cike suke da laifuffuka iri-iri, har ya zama da wuya a sami mutumin da ba za a iya maƙala wa ko da ɗan ƙaramin laifi ba. Hanyar gaskiya ita ce a ga laifi a nemo wanda ya yi shi. Hanyar ɓata kuwa ita ce a zaɓi mutum tukuna, saboda an tsane shi ko ra'ayinsa ya saɓa wa na masu mulki, sa'an nan a buɗe littafi a nemo laifin da zai dace da shi.

Wanda ya karanta wannan zai rantse Jackson ya taɓa zama a wasu garuruwan da muka sani.

Da ya zo kan magani, sai ya koma ga hali. Ya ce siffofin mai gabatar da ƙara nagari suna da wuyar bayyanawa kamar siffofin dattijo, wanda ya san su ba ya buƙatar a faɗa masa, wanda bai san su ba kuwa ko an faɗa ba zai gane ba. Abin da zai kare talaka, a cewarsa, shi ne mutumin da ke sirka himmarsa da tausayi, mai neman gaskiya, mai yi wa doka aiki maimakon ɓangare, mai tawali'u. Ya ƙara da cewa in gwamnati ta faɗi a shari'a amma aka yi adalci, to ta ci nasara. Wannan amsar lauyan ƙauye ce tsantsa: a nemo mutumin kirki a ba shi aikin.

Ba mu musa kyan wannan amsa ba. Shi kansa ya nuna ta a aikace. Makonni kaɗan kafin jawabin, ya ba da umarni a janye tuhumar da aka yi wa wasu mutane a Detroit kan cewa sun ɗebi 'yan sa-kai zuwa yaƙin basasar Sifen, yaƙin da ya ƙare tun 1939. Bai ga amfanin tono tsohuwar gaba ba, ya rufe maganar, ya kuma sha suka a kanta.

Sai dai akwai wata shari'a da ta riga wannan, wadda ya kamata mai karatu ya ajiye kusa da jawabin. Andrew Mellon hamshaƙin attajiri ne, ya riƙe ma'aikatar kuɗi ta Amurka daga 1921 zuwa 1932 a ƙarƙashin jam'iyyar da Roosevelt ya kayar. A idon sabuwar gwamnati, shi ne fuskar tsohon zamanin da ya jefa ƙasar cikin karayar tattalin arziki. A 1934 aka nemi a gurfanar da shi kan zambar haraji, sai taron mutanen gari da doka ta ɗora wa alhakin duba ko hujja ta isa, a birnin Pittsburgh, suka ce ba ta isa ba. Gwamnati ba ta haƙura ba, ta sauya hanya ta kai shi gaban hukumar sauraren ƙararrakin haraji tana neman kimanin dala miliyan 3. Wanda ya jagoranci wannan shari'a a 1935, wanda ta fito da sunansa a jaridu, shi ne Jackson. A watan Disamba na 1937 hukumar ta ce Mellon bai yi zamba ba, ko da yake akwai ragowar harajin da ya kamata ya biya, wanda bai kai kusa da abin da aka nema ba. Shi kuwa Mellon ya riga ya mutu tun watan Agusta. Masana na ta gardama kan ko an zalunce shi, domin attajiran wancan zamani sun san hanyoyin zille wa haraji. Abin da ba a gardama a kai shi ne, ba shi kaɗai ke bin waɗannan hanyoyi ba, amma shi aka fi nunawa da yatsa. An zaɓi mutum ne ko an ga laifi? Mu dai muna zargin cewa sa'ad da Jackson yake gargaɗin 1940, ba daga littafi kaɗai ya san abin da yake faɗa ba.

Haka kuma a watan Maris na 1940 ya haramta wa jami'an bincike satar sauraren wayar mutane, a watan Mayu Roosevelt ya aiko masa da umarnin sirri cewa a yi hakan ga waɗanda ake zargi da yi wa ƙasa zagon ƙasa, ya kuwa bi. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Ba don mu ƙasƙantar da shi muka kawo waɗannan ba. Mun kawo su ne don in mutum irin wannan, mai sani, mai kunya, mai faɗin gaskiya, zai iya karkata idan iska ta kaɗa daga sama, to ba za a jingina 'yancin talaka a kan hali kaɗai ba.

A kujerar alƙali ya yi abubuwan da ake tunawa da shi. A 1943, ana tsakiyar yaƙi, shi ya rubuta hukuncin da ya ce ba za a tilasta wa yaran makaranta sara wa tuta ba in imaninsu ya hana su. A 1944 yana cikin alƙalai uku da suka ƙi yarda da hukuncin da ya halatta kwashe Amurkawa 'yan asalin Japan daga gidajensu, lamarin da ya kai kimanin mutum 120,000 sansanonin tsare jama'a. Ya kwatanta hukuncin da bindigar da aka ɗura aka ajiye, tana jiran duk mai ikon da zai zo da uzurin gaggawa. Sai a 2018 kotun ta furta da bakinta cewa wancan hukunci kuskure ne tun ranar da aka yanke shi.

Babbar jarrabawarsa ta zo a 1945. Yaƙin Duniya na Biyu yana ƙarewa, shugabannin Nazi suna faɗawa hannu, tambaya kuma ita ce yadda za a yi da su. Tun a taron Tehran na 1943 Stalin ya jefa maganar a harbe hafsoshin Jamus 50,000. Churchill ya ƙi wannan, amma gwamnatinsa ta daɗe tana ganin a tsamo manyan a harbe su ba tare da shari'a ba, tunda laifinsu a fili yake. Ranar 13 ga Afrilu, kwana ɗaya bayan rasuwar Roosevelt, Jackson ya yi jawabi a gaban masana dokar ƙasa da ƙasa. Ya ce in an yanke shawarar kashe mutum ko ta halin ƙaƙa, to a kashe shi a matsayin shawarar siyasa ko ta soja, kada a ɓuya a bayan rigar kotu. Kada a gurfanar da kowa a gaban abin da ake kira kotu matuƙar ba a shirya ganin an sallame shi ba idan hujja ta gaza. Ya ce kotu tana gwada ƙara, ƙara ma tana gwada kotu.

Mu a nan ba mu ji baƙon abu ba. Tun kaka da kakanni muke cewa shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Yawanci da tsoro muke faɗin haka, don a ja kunnen mai son kai ƙara. Amma in aka juya maganar, sai a ga ma'anar shari'a ce gaba ɗaya a dunƙule. Zaman da kowa ya san abin da zai haifa tun kafin a shiga, ko alƙali nawa aka jera, ba shari'a ba ce.

Bayan mako uku, ranar 2 ga Mayu, Shugaba Truman ya naɗa shi babban mai gabatar da ƙara na Amurka. A Landan ya zauna da wakilan Ingila da Faransa da Tarayyar Sobiyet don tsara kotun. Wakilin Sobiyet, Janar Nikitchenko, ya faɗa a fili cewa shugabannin ƙasashe sun riga sun sami mutanen nan da laifi, aikin kotu kawai ta auna hukunci. Wannan Nikitchenko yana cikin alƙalan shari'ar je-ka-na-yi-ka da Stalin ya yi wa abokan hamayyarsa a Masko a 1936, kuma daga baya shi ya zauna a matsayin alƙalin Sobiyet a Nuremberg. Jackson ya yi tsayin daka cewa sai an kawo hujja, sai waɗanda ake tuhuma sun sami lauyoyi sun kare kansu. An sa hannu a yarjejeniyar ranar 8 ga Agusta, 1945. Mai karatu ya dubi wannan rana da kyau: kwana biyu bayan jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, kwana ɗaya kafin na Nagasaki.

A nan tambayarmu ta ƙara nauyi. Mai hannu da dauɗa yana da ikon nuna wani da yatsa? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. An tuhumi Jamusawa da ƙulla yaƙin cin zali, ga Sobiyet a kujerar alƙali, ita da ta raba ƙasar Poland da Hitler a 1939 ta kuma auka wa Finland. Abin ya kai har Sobiyet ta cusa kisan hafsoshin Poland a dajin Katyn cikin takardar tuhuma, alhali jami'anta ne suka kashe su a 1940, su kimanin 22,000 in an haɗa da na sauran wurare, abin da ba ta amsa ba sai a 1990. Jackson bai jahilci wannan matsala ba. A watan Oktoba na 1945 ya rubuta wa Truman cewa ƙasashen ƙawance sun yi, ko suna kan yin, wasu daga cikin abubuwan da ake tuhumar Jamusawa da su. A gida ma bai tsira ba. Alƙalin alƙalan Amurka na lokacin, Harlan Stone, wanda suke kotu ɗaya da shi, ya kwatanta aikin a asirce da taron gayya na rataye mutane, sai dai an yi masa ado. A jawabinsa na buɗe shari'ar ranar 21 ga Nuwamba, Jackson ya amsa cewa masu nasara ne ke shari'ar waɗanda aka ci da yaƙi, ya ce ba yadda za a yi, domin yaƙin bai bar 'yan ba-ruwanmu na gaske ba. Ya kuma yi gargaɗin cewa in suka miƙa wa mutanen nan ƙoƙon guba, to leɓensu su ma suka kai wa.

A ganinmu, laifin mai tuhuma ba ya wanke wanda ake tuhuma. Da haka ne, da babu ɓarawon da za a taɓa hukuntawa, tunda ba a rasa ɗan sanda mai karɓar na goro. Miliyoyin da aka hallaka a sansanonin Nazi an hallaka su, ko wane ne ya karanta tuhumar. Amma dauɗar hannun mai tuhuma tana ɗora masa wani nauyi na daban: tilas ya kawo hujjar da za ta tsaya da ƙafarta ko da an cire sunansa daga kanta. Wannan kuwa Jackson ya gane shi sarai. Ya gina ƙararsa a kan takardun da Jamusawa suka rubuta da hannunsu, umarni da rahotanni da bayanan tarurruka, maimakon dogaro da shaidun da za a ce ƙiyayya ce ta sa su magana. Wannan ya sa zaman ya yi ta jan ƙafa, 'yan jarida suka gaji, har ya ɓata da abokin aikinsa Janar William Donovan, wanda ya fi son a kawo shaidu, ya tattara ya tafi. Amma saboda wannan zaɓi ne har yau mai musun abin da ya faru ba ya samun wurin tsayawa.

A watan Maris na 1946 ya tashi don titsiye Hermann Göring, mafi girman muƙami cikin waɗanda ke tsare. Abin bai yi masa kyau ba. Göring mai wayo ne, ya san takardun, ya riƙa mayar da kowace tambaya dandalin lacca. Akwai ma takardar da aka fassara ba daidai ba, Jackson ya ɗauka tana maganar ƙwato yankin Rhine ne da ƙarfin soja, Göring ya nuna masa cewa share kogin ake nufi. Jackson ya fusata, ya roƙi kotu ta tilasta wa mutumin ya riƙa amsawa da i ko a'a. Shugaban kotun, Bature ɗan Ingila Geoffrey Lawrence, ya ce a'a, wanda ake tuhuma yana da damar yin bayani bayan ya amsa. Sai da lauyan Ingila David Maxwell Fyfe ya karɓa, ya ƙure Göring kan kisan hafsoshin sojan sama hamsin da suka tsere daga sansanin fursunonin yaƙi. Masu ba da tarihin Jackson sukan ɗauki wannan a matsayin ranar kunyarsa. Mu kuwa muna ganin ranar ce ta tabbatar da cewa abin da ya gina kotu ce. Ga wakilin ƙasa mafi ƙarfi a duniya, ga fursunan da duniya ta tsana, alƙali ya goyi bayan fursuna a kan ƙa'ida.

An karanta hukunci ranar 30 ga Satumba da 1 ga Oktoba, 1946. Cikin mutum 22, an yanke wa 12 kisa, uku ɗaurin rai da rai, huɗu ɗaurin shekaru, an sallami uku: Hjalmar Schacht, tsohon shugaban babban bankin Jamus, da Franz von Papen, da Hans Fritzsche. Ba a ɗora wa kowa laifin Katyn ba, hukuncin ya yi shiru a kai. Nikitchenko ya rubuta rashin amincewarsa da sallamar. Shi ma Jackson, wanda da kansa ya titsiye Schacht, ya bayyana takaicinsa kan sakin Schacht da von Papen. Mutumin da ya ce sai an shirya ganin an sallami wanda ake tuhuma, da sallamar ta zo, ta yi masa ɗaci. Amma bai nemi a sauya ta ba, kuma ba shi da ikon sauyawa, domin tun a Landan ya taimaka wajen ɗaure hannunsa da kansa.

In muka waiwayi rayuwar nan daga farko, za mu ga cewa duk inda Jackson ya kusa yin abin da ya wuce gona da iri, wani ne ya tare shi: hukumar harajin da ta ce babu zamba, Lawrence da ya ce a bar Göring ya yi magana, alƙalan da suka buɗe wa mutum uku ƙofa. Inda kuwa babu mai tarewa, kamar umarnin sirri na satar sauraren waya, ya bi iska. Halin kirki yana da aikinsa, amma mafi girman aikin da muka ga ya yi a rayuwar wannan mutum shi ne ya sa shi yarda a kafa wanda zai iya ce masa a'a, ya kuma haɗiye a'ar in ta zo. Ga marubucin da ke son sa mai gabatar da ƙara a cikin labarinsa, a nan ne naman yake. Azzalumin da ya san shi azzalumi ne ba shi da wuyar zanawa. Mai wuya shi ne mutumin kirkin da ya tabbata yana da gaskiya.

Shekarunsa na ƙarshe ba su zo da sauƙi ba. Tun yana Nuremberg, a watan Yuni na 1946, bayan an ba wani muƙamin alƙalin alƙalai da ya daɗe yana sa rai, ya aika da saƙo ga majalisa yana sukar abokin aikinsa Hugo Black a bainar jama'a, abin da ya rage masa daraja. A 1951 ya goyi bayan ɗaure shugabannin jam'iyyar Kwaminis ta Amurka su goma sha ɗaya, waɗanda aka samu da laifin haɗa baki don koyar da kifar da gwamnati, ba don sun ɗauki makami ba. Wannan Black ɗin yana cikin alƙalai biyu da suka ce ba su yarda ba. A watan Mayu na 1954 kuma, yana jinyar ciwon zuciya, ya taso daga asibiti ya zo ya zauna a kujerarsa, don duniya ta ga cewa duk alƙalan tara sun haɗu a kan haramta wariyar launin fata a makarantu.

Ya rasu ranar 9 ga Oktoba, 1954, yana da shekara 62. Sauran alƙalan Kotun Ƙoli su takwas suka bi gawarsa har Jamestown, aka binne shi a maƙabartar Frewsburg, ƙauyen da ya tashi. Schacht kuwa, bayan kotunan Jamus sun sake kama shi sun kuma sake shi, ya buɗe bankinsa a Düsseldorf a 1953, ya rayu har 1970.